Yaya Abu da Zaɓen Gyaɗa

Shekara goma sha uku ke nan da rasuwar yayata Zainabu, wadda mutanen Rano da Kibiya suka fi sani da Yaya Abu. Duk shekara in watan ya zagayo nakan yi mata addu'a, in ba da sadaka, hankalina ya kwanta. Bana ya ƙi kwanciya. In na zauna sai in tashi, in na ɗauki aiki sai in ajiye. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko na samu sauƙi.

Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, kiɗa ya ja baya a wajen biki da suna. Manya ba su rasa abin yi ba, ga wa'azi, ga hira, ga abinci. Yara ne suka rasa. Da can kalangu ke tara su wuri guda, yanzu kuwa sai yawo tsakanin tukwane, ana kora su daga wannan lungu zuwa wancan. Yaya Abu ɗinki take yi a cikin gida, a Kibiya. Ranar wani suna ta ga an mari wata yarinya don ta kifar da kunu, sai ta tashi ta kwashe yaran kaf ta kai su bayan gida. Ba a sake jin kukan kowa ba har la'asar. Daga nan aka fara aiko mata.

Ba ta maimaita wasa a gida biyu a jere. Yau ranar kasuwa ce, yara su kasa tumatir na yumɓu, ganyen mangwaro ne kuɗi. Gobe ranar tasha, kowa ya haɗa motar kara, a samu direba da kwandasta da mai kiran "Kano! Kano!" Akwai ranar asibiti, akwai ranar girbi. In za a watse kowane yaro ya karɓi 'yar jaka da ta ɗinka da ragowar ƙyallaye, a ciki akwai aya, goriba, alewa, wani lokaci da 'yar tsana ta kara. Ni ce mai riƙe mata buhun jakunkunan, don lokacin ban yi aure ba.

Kwanakin baya na je bikin zagayowar haihuwar ɗiyar wata abokiyar aikina a Kano. An kama zaure, an cika shi da balan-balan, ga kek mai hawa-hawa, ga jakunkuna an buga hoton yarinyar a jiki. Yaran na zaune a kan kujeru cikin kwalliya, iyaye na ɗaukarsu hoto da waya. Na yi ta tambayar kaina me Yaya za ta ce. Ba mai ƙin sabon abu ba ce, na san da ta ga balan-balan nan sai ta fi yaran murna. Amma na san za ta zagaya wurin, ta dawo kusa da ni ta ce, "To Ladi, su yaran me za su yi?"

Wasa ɗaya ne ta yi sau ɗaya ba ta ƙara ba. A shekarar da ake shirin zaɓe na biyu bayan dawowar mulkin farar hula, Alhaji Sule mai motocin haya a Rano ya shirya walimar saukar Alƙur'ani ta ɗansa Nasiru. Alhajin yana neman kansila a lokacin. Gari ba a maganar komai sai zaɓe, yara ma kwaikwayon 'yan siyasa suke yi a lungu. Sai Yaya ta ce ranar nan zaɓe za a yi, yara su zaɓi sarkin wasa.

Aka rataya zani a kusurwar tsakar gida, aka ajiye ƙwarya biyu a bayansa. Kowane yaro aka ba shi ƙwayar gyaɗa guda, ya shiga ya jefa inda yake so, in ya fito a dangwala masa shuni a babban yatsa. Nasiru ya fito takara. Da aka ce wa zai kara da shi, sai Hajjo, 'yar wata Bafulatana da ke kawo nono gidan daga wajen Durba, ta ɗaga hannu. Nasiru ya yi alkawarin zai sa a kai kowa Kano a motar babansa. Hajjo ta ce ita in ta ci, ƙanana ne za su fara karɓar jaka kafin manya. Ƙananan kuwa sun fi yawa. Da aka ɗage zanin, ba sai an ƙirga ba.

Yara suka ɗauki sowa. Nasiru ya tsaya idonsa ya kawo ruwa, daga nan ya shige ɗaki. Yaya ta bi shi, mahaifiyarsa ta tare ƙofa. Jim kaɗan aka ce Alhaji na kira a zaure.

"Malama Abu," in ji shi, "a gidana, ranar ɗana, kika tara yara suka kayar da shi?"

"Wasa ne, Alhaji."

"To a sake ƙirgawa."

"Alhaji, ai sun cinye ƙuri'un."

Wani daga cikin baƙi ya fashe da dariya. Alhaji bai yi ba. Ya ce ta koma ta sanar Nasiru ne ya ci. Yaya ta sunkuyar da kai ta ce ya yi haƙuri, yaran sun gani da idonsu, ba za ta iya ce musu ba haka ba ne. Ta dawo aka ƙarasa wasa, ƙanana suka fara karɓar jaka, Nasiru bai fito ba.

Yaran suka bazu cikin gari suna nuna yatsunsu masu shuni, kafin magariba labari ya kai tasha. Da zaɓen gaske ya zo Alhaji ya faɗi, 'yan adawa suka yi ta yi masa ba'a, wai tun a tsakar gidansa aka fara kayar da shi. Manyan gidajen da ke tare da shi suka daina aiko wa Yaya. Ta koma yi wa ƙananan gidaje a Saji da Kahu, inda wani lokaci jakar ba ta wuce aya da gyaɗa ba. Wannan bai dame ta ba. Nasiru ne ya dame ta. Ko a ciwon da ta rasu a cikinsa sai da ta ce mini, "Yaron nan ya sauke Alƙur'ani, ranarsa ce, ni kuma na sa ya wuni a ɗaki yana kuka." Na ce ai gaskiya ta riƙe. Ta ce gaskiyar ba ta share masa hawaye ba.

Makon jiya na shiga mota daga Kano zuwa Rano. Direban ya yi ta kallona ta madubi, da muka sauka ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Nasiru ne, ya zama magidanci. Ya yi mini ta'aziyyar da bai samu yi ba tun tuni. Ni ce na tayar da maganar, na ce Yaya ta tafi da ita a zuciya.

Ya ce, "Anti, kukan ai bai daɗe ba. Na wanke fuska zan fito, Baba ya aiko aka ce in na fito sai ya saɓa mini. Ina jin su ta taga suna wasa. Abin da ya yi mini ciwo ke nan, ba faɗuwar ba. Ko jakar ban samu ba."

Tun ranar nake juya maganar nan. Shekaru Yaya ta yi tana ɗauke da nauyin da ba nata ba, kuma wanda zai sauke mata shi yana nan Rano, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba. Ba wanda ya yi tunanin tambayarsa, har da ni.

Na duba ko akwai abin da ya rage na aikinta. Babu hoto ko ɗaya. Abin da ta raba duk an cinye ko ya karye, don dama ba na ajiya ba ne. Abin da na samu shi ne ƙaton mutum mai gemu a bakin tasha, yana ba ni labarin wasan da bai ma ƙarasa ba kamar jiya aka yi. Allah Ya jiƙan Yaya Abu, Ya sa ta huta.

Kafin mu rabu Nasiru ya ce 'yarsa ta kusa sauka, yana so in zo in shirya wa yara irin na Yaya. Na ce masa ni buhu kawai nake riƙewa. Ya ce ya sani, in dai zo. Na ce zan zo. Har yanzu ban san wasan da zan shirya musu ba.