Ranar Da Kaka Ya Koma Goshin Jirgi

Maƙwabcina yana da wani tsohon injin hure ganye mai shan fetur gauraye da baƙin mai. Duk safiyar Asabar in ya tayar da shi, matan layinmu sai tsaki da rufe tagogi. Ni kuwa buɗe tawa nake yi. Wannan hayaƙi mai ɗaci shi ne warin jirgin Abbana, kuma da ya shiga hancina sai in koma yarinya 'yar firamare, a farkon shekarun casa'in, ina zaune a jirgi kan ruwan teku a Pelham da rigar hana nutsewa mai ruwan lemo ta shaƙe mini wuya.

Bari in fara gaya muku ko mu su wane ne. Mu Sarkawa ne na Yawuri, masunta tun kaka da kakanni. Abbana ne ya fara fita daga sana'ar. Boko ta ɗauke shi, ta yi ta jansa har ta dire shi a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a unguwar Bronx can ƙasar waje, mu kuma a hawa na sama na wani dogon bene a titin Grand Concourse. Mahaifinsa, wato Kakana, bai taɓa yafe wa boko wannan ba. Ko a waya in ana gaisawa sai ya soka masa: "Yaya ɗan tudu?" Abba ya yi dariya kawai. Amma kalmar tana cinsa ƙwarai.

Ina jin ita ce ta sa ya sayi jirgin. Tsohon jirgi ne na masu kamun kifi, irin shimfiɗaɗɗen nan mai ƙyalƙyali, da ƙaton inji a bayansa. Irin wannan jirgi ba tafiyar kwalekwale yake yi ba. In aka danna totur sai ya ɗaga hanci sama, gindinsa ya nutse, sannan in ya samu ƙarfi ya haye bisa ruwan ya miƙe yana shafarsa kawai. Wannan hayewar ita ce komai. In ya hau, ruwa iya gwiwa ma ya ishe shi. In bai hau ba, farfela ta riƙa tonon laka ke nan.

Da ni da Abba kaɗai, jirgin yana hawa, ko da yake da nawa. Sai ga Kaka ya zo a wata bazara don a yi masa aikin ido.

Kaka ƙato ne, tabarkalla. In ya tsaya a ƙofar falo sai hasken ya ragu. Ni kuma, kun san wasan jika da kaka, amaryarsa ce. Tun a filin jirgin sama ya dube ni ya ce, "Wannan ce amaryar tawa? Ko tuwo ba za ta iya tuƙawa ba. Na fasa." Na ba shi amsa da Turanci, ya ce ba a yi wa miji yaren da ba ya ji. Daga ranar muka ƙulla.

Da ido ya warke, Abba ya ɗauke mu zuwa ruwa, yana ta rawar jiki. Kaka ya dubi jirgin sama da ƙasa, ya ɗaga rigarsa ya shiga, ya wuce kujerun tsakiya ko kallo ba su ishe shi ba, ya je can ƙarshen baya kusa da inji ya harɗe. A Yawuri nan ne mazaunin babba. Mai jirgi a baya yake zama, shi ke riƙe da filafili, shi ke juya akala. Goshi wurin yara ne masu koyon dungura gora. Kuma da yake duk abin da babba zai buƙata a kusa da shi ake ajiyewa, sai kular abinci da butar alwala da jarkar ruwan sha duk suka bi shi baya, inda tankin mai da batura suka riga suka tare.

Abba ya danna totur. Jirgi ya ɗaga hanci har na daina ganin gaɓa, inji ya yi ta kuka, ruwan bayanmu ya koma baƙi ƙirin da laka. Hawa dai babu. Muka yi ta noman taɓo har Abba ya haƙura ya saki.

"To," in ji Kaka, "ƙara dai akwai ta."

Wayyo Abbana! Kunnuwansa kamar su faɗo don kunya. Ni ma haushi ya kama ni, don na san jirgin nan yana tashi.

Bazarar nan kaf a kan wannan jirgi ta ƙare. Abba ya cire farfela mai fukafukai uku ya sa mai huɗu, wadda ta fi kama ruwa tun daga tashi. Ya ɗaura wa ƙafar injin wani faffaɗan faranti mai kama da wutsiyar kifi, don ya riƙa tallafar gindin jirgin. Ya koyi sunkuyar da injin ciki sosai kafin ya danna. Ya kankare gansakukar da ta manne a cikin jirgin har hannunsa ya yi kanta. In muka je gwaji mu biyu, kai, kafin ka ce me mun haye. In Kaka ya zo ya zauna a wurinsa, jirgin ya yunƙura, ya kusa, ya kusa, sai ya koma ya zauna. A ruwa mai zurfi da an daure zai hau. Amma kifin da Abba yake son nuna wa mahaifinsa, manyan nan masu zane a jiki, cikin ciyayin lungu marar zurfi suke kiwo.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Kaka ya tafi unguwar Harlem wurin wani tela ɗan Nijar da suka saba hira, na ji Ummana tana yi wa Abba magana a kicin.

"Kai ma fa ka san abin da ke damun jirgin nan."

"Na sani tun ranar farko."

"To ka gaya masa mana."

"In ce wa Baba ya tashi ya koma wurin yara? A jirgina? Ni ɗan tudu?" Ya girgiza kai. "Gara in sayar da shi."

Kaka kuwa tafiyarsa gida ta matso, sanyi ma ya fara leƙowa. Fita ɗaya ta rage mana.

Ranar muka shiga lungun tun ruwa yana cike, a hankali, inji yana ɗan gunaguni. Aka yi ta jefa ƙugiya, kifi ya ƙi. Abba ya ƙi tafiya, yana ta cewa a ƙara jim kaɗan. Ruwan can na teku ne, ba kamar na kogin Kwara ba, kullum sai ya janye ya dawo, kuma in ya fara janyewa ba ya jiran kowa. Kafin mu farga, warin laka ya taso, tsuntsaye masu dogayen ƙafafu sun fara sauka suna takawa a inda ɗazu muka wuce. Tsakaninmu da mashigar lungun akwai wani tudun yashi a ƙarƙashin ruwa. Jirgin da ya hau zai shafe shi ya wuce. Wanda bai hau ba zai kafe, mu wuni a taɓo har ruwa ya dawo, a gaban mutumin da ya kwashe rayuwarsa bai taɓa kafe jirgi ba.

Abba ya gwada. Laka ta tashi. Ya saki totur. Ya juya ya dubi mahaifinsa, ya kau da kai.

Ni abin ya ishe ni. Na tattaro 'yar Hausata mai ɗingishi na miƙe.

"Angona," na ce, "kai ne ka yi nauyi! Tuwon Ummana ne ya yi maka yawa. Kuma wane irin ango ne zai bar amarya ita kaɗai a gaba, shi yana can yana gadin kula? In ba ka zo nan ba, na sake ka!"

Abba ya daka mini tsawa da sunana. Kaka ya ɗaga masa hannu. Ya dube ni, ya dubi goshin jirgin, ya dubi baƙin ruwan da ke bayansa. Sannan ya dubi ɗansa, kallon da ya fi sauran daɗewa. Sai ya fashe da dariya har jirgin yana girgiza.

"Mace ce ke sakin miji a ƙasar nan? Tabɗi! To ni ban shirya zaman gwauro ba."

Ya miƙe da kyar, ya ɗauko kular da hannu ɗaya, ya dafa kafaɗar Abba ya wuce gaba, ya zauna a ƙasa kusa da ni. Nan take hancin jirgin ya kwanta. Da ya samu kansa a goshi da sabon ido, sai jinin masunta ya motsa. Ya ƙura wa ruwan ido, ya miƙa hannu hagu.

"Ga gurbi mai zurfi can, inda ruwan ya yi duhu. Daga nan za ka tashi."

Abba ya lallaɓa jirgin zuwa gurbin, ya sunkuyar da inji, ya murɗe sitiyari don jirgin ya kishingiɗa ya ɗaga farfela daga ƙasa, ya ce bismillah, ya danna totur har ƙarshe.

Jama'a! Hancin ko ɗagawa bai yi sosai ba. Muka yi rabin da'ira, na ji wani abu ya sake mu daga ƙasa, kukan injin ya canza ya koma siriri, sai ga mu bisa ruwa muna gudu. Na leƙa na ga yashin tudun nan fari fat yana wucewa a ƙarƙashinmu, kusa har kamar in taɓa. Iska ta fizge hular Kaka ta tafi da ita, ko waiwaye bai yi ba. Ihu yake yi, irin na masunta in an ja babban kamu: "Ƙara masa! Ƙara masa wuta!" Ni ina ta tsalle a zaune ina ihu da Turanci. Abba kuwa dariya yake yi, hawaye na gudu zuwa kunnuwansa, daga baya ya ce iska ce. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba.

Ko kifi ɗaya ba mu kama ba ranar. Da muka isa gaɓa, Abba ya kashe inji, Kaka ya ƙi tashi. Ya shafa gefen jirgin, ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba:

"Wanda ya fitar da jirgi daga wannan ruwan, ɗan ruwa ne. Allah ya yi maka albarka."

Abba ya durƙusa a nan cikin jirgin, ya ce amin.

Kaka ya rasu bayan 'yan shekaru a Yawuri, Allah ya jiƙansa. An sayar da jirgin da gwiwoyin Abba suka fara ciwo. Jiragen yanzu da maɓalli ake daidaita su, akwai allo mai nuna zurfin ruwa, ba wanda ke neman gurbi da ido. Yaran yanzu ma ba su san wannan nauyin baki ba. Ɗana yakan ce wa ubansa ya matsa, kai tsaye, ko kallonsa ba ya yi. Ban ce ba sauƙi a hakan ba, don da Abbana ya iya, da bai ƙarar da bazara guda yana kwance farfela ba. Amma ina tausayin yaron da bai taɓa jin nauyin ubansa har haka ba, don ban san yadda albarkar uban za ta yi masa daɗi ba.

Abba ya tsufa yanzu. In jikoki suka taru yakan ba su labarin, ya yi ta bayanin farfela mai fukafukai huɗu har su fara hamma. In ya iso bakin gaɓa, wurin maganar Kaka, sai ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya ce a ba shi ruwa. Ni nake ƙarasa musu.