Na riga jinina magana

A shekarun da wayar salula ta fara shigowa Tsarnawa, wata ranar kasuwa ina ɗora buhun albasa a amalanke sai na ji kamar jakin ne ya zauna mini a ƙirji. Na ce ƙwarnafi ne, na jiƙa kanwa na sha. Washegari tsohuwata, wato uwargidana, ta gan ni ina zufa da sanyin safiya, ta tasa ni gaba sai asibiti a Konni. Tun a hanya ta yanke hukunci: in zuciya ce, ni da kasuwa har abada. Ni kuwa in aka raba ni da kasuwa, saura likkafani.

Likitan ya ɗebi jinina, ya ce, "Baba, zuciya in ta ji rauni tana zubar da ƴan abubuwa cikin jini, kamar buhu mai huda da ke zubar da gero a hanya. Sawun muke bi." Ya ce masu bincike ma sun hango waɗansu da suka fi waɗannan ƙanƙanta, wataƙila wata rana da su za a yi magani.

Ni da lakwal, makarantar boko, ta gaji da ni tun aji biyu, abin da na gane shi ne jini ɗan tsegumi ne. Tunda zai faɗa, gara in riga shi, a ce dattijo ya faɗi gaskiya da bakinsa.

"Likita, kafin jinin ya yi magana: wannan ciwon karo na uku ke nan. Duk kasuwa ina cin balangu, mai kitsen. Garin taba ma ban bari ba, yana cikin hular nan."

Tsohuwata ta dafe kai. "Malam, wace taba? Wadda ka rantse a gaban liman ka bari?"

Likita ya yi dariya har da hawaye. "Baba, jini bai san hula ba. Labarin zuciya kaɗai yake bayarwa, kuma sakamakon sai da yamma."

"To, a maido mini maganata."

Ba a maido ba. Da yamma aka ce zuciyar ce, amma ta yi mini sassauci. Bayan na warware likita ya yarda in koma kasuwa, ban da ɗaukar buhu. Tsohuwata ma ta yarda, da sharaɗin ƙafata ƙafarta. Haka muke tafiya, tana kan amalanke, hulata a cinyarta. Mai balangu kan gaishe ta da ladabi, ni kuwa ya yi kamar bai taɓa ganina ba.