Kawu Clovis da Tayoyin Fasto

Da sassafe Clovis Gandy yake buɗe shagonsa na faci, a bakin titin da ya ratsa gonakin taba. Sai ya ɗora kofi, ya tayar da injin iska, ya zauna a kan tsohuwar taya yana jiran wanda ya taka ƙusa. Ƙarshen watan nan zai rufe, gwiwoyi sun ƙi. Duk garin nan namu na Karolina ta Kudu Kawu ake ce masa, amma samarin da ke kallon tsere a talabijin ba su san abin da ya yi ba. To su ji.

Lokacin da aka fara tseren mil ɗari biyar, motar tsere irin ta kowa ce. Mutum ya tuƙo tasa daga gida, ya zana lamba a jiki, ya ɗaure ƙofa da bel, ya shiga layi. Direbobinmu da jar ƙasa suka saba, da gajeren zango. Ba wanda ya san yadda sabuwar kwalta ke cin taya idan rana ta take.

Ran nan Clovis ne mai canza wa abokinsa Hoyt Rainey taya. Da sauran tafiya mai yawa tayoyinsu suka ƙare. Hoyt ya shigo shan mai, Clovis ya duƙa, ya ga zare ya fito fari fat a tayar gaba.

"Matsa, Clovis. Za ta kai ni."

"Maƙabarta za ta kai ka. Matarka ta ce in dawo mata da kai, ba ta ce gunduwa-gunduwa ba."

"Ni ne na uku fa, ɗan banza."

Clovis ya miƙa hannu ta taga, ya zare mukulli ya jefa aljihu. Ya saɓi jek, ya ruga tsakiyar fili inda 'yan kallo suka jera motocinsu. Mota ɗaya ya samu irin ta Hoyt, baƙa, sabuwa dal. A ciki Fasto Elwood Crump ne, ya ja hula har hanci, yana cin soyayyiyar kaza. Jiya-jiya a coci ya gama cewa tsere aikin Shaiɗan ne.

"Sannu da hutawa, Fasto."

"Ban san ka ba, ɗana. Yi gaba."

"Kai ka ɗaura min aure. Tayoyi nake so, duka huɗun."

"Addu'a na zo yi wa masu zunubi."

"Ga ɗaya can, zai mutu kafin ka kai amin."

Fasto ya san in motarsa ta hau bulo ba sauran sulalewa, duk 'yan cocinsa sai sun gan shi. Ya dubi kwana, inda wata mota ke hayaƙi a jikin shinge. Ya ajiye cinyar kazar, ya tuɓe kwat.

"Ba ni sifanar nan."

Waɗanda suka gani suna nan da ransu. Mai faci a gaba, Fasto a baya, kowa na gara taya biyu a guje, fili ya ɗauki sowa. Kafin la'asar mutane da kansu suke ta kiran makanikai a zo a kwance nasu.

Hoyt ya gama na bakwai. Ya daɗe ba ya gaida Clovis.

Kai ne, Kawu, ka yarda amininka ya zage ka a gaban jama'a. Ba a ba ka kofin nasara ba, jarida ba ta buga sunanka ba. Mai hana direba mukulli, mun gode. Duk wanda ran wani ke hannunsa, a gareji ko a asibiti ko a bakin kwalta, ya koyi wannan taurin kai.

Hoyt ya tsufa yanzu, jikokinsa sun cika gida. Na tambaye shi ko yana da abin faɗa wa Kawu.

Ya ce, "Gaya masa da bai tsayar da ni ba, da na ci tseren nan." Sannan ya ƙara, "Kuma ran Lahadi ya zo cin abinci. Ya zo da wuri."