Mutumin Da Bai Bar Ƙulli Ba

Duk ranar da aka zauna rubuta tarihin waɗanda suka 'yanta 'yan kasuwar Legas daga hannun masu kwamfuta, sunan Oyewole Akinrinade ne zai zo a farko. Gaskiya dai kamfani ɗaya ya 'yanta, shi ma na rarraba sabulu da man shafawa ne a Ilupeju, kuma har yau ban ji wanda ya yi niyyar rubuta tarihin ba.

Na daɗe ina aiki tare da shi, ni a sashen lodi, shi a wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin bene inda manyan kwamfutocin kamfanin suke gurnani. Oga Wole muke ce masa. Gajere ne mai sanƙo, kullum da rigar sanyi a tsakiyar zafin Legas, domin ɗakinsa ne kaɗai na'urar sanyi ba ta mutuwa ko an ɗauke wuta. Daga Ikorodu yake shigowa ta jirgin ruwa. Yana son ɗakin nan yadda wasu suke son garinsu.

Masu sana'arsa suna da wata al'ada da ba a koyar da ita a makaranta. Duk wanda aka damƙa wa kwamfutocin kamfani sai ya bar ƙulli ɗaya da shi kaɗai ya iya kwancewa, ko kalmar sirri da ke kansa, ko wata waya da in an taɓa ta komai ya tsaya cak. Ba a ɗaukar hakan mugunta. Haka ake riƙe aiki. Abokinsa Bosun, wanda ke wani kamfanin jigila a Apapa, ya ga zuwan manajoji da tafiyarsu yana zaune daram. In ya tafi hutu wayarsa ba ta hutawa, yana amsawa da muryar wanda aka dama da fuskar wanda aka yi wa kyauta.

Oga Wole yana ganin wannan abin kunya ne. Ya kuma ce manyan kamfanonin da ke ba da hayar wurin ajiyar bayanai ta intanet, abin da suke kira gajimare, irin ƙullin suke yi, sai dai nasu ya fi girma: shiga da fara'a, fita babu ƙofa. Kullum a wurin mai amala da muke cin abincin rana huɗubarsa ɗaya ce. Kayanka naka ne. In mai gida ya sauya maka fuska, ka kwashe ka koma gidan gaba. Wata rana, in ji shi, kowane gajimare zai ji yaren ɗan uwansa, kuma ba wanda zai sake riƙe wuyan wani. Muna gyaɗa kai, don ba ya cinye namansa in yana bayani.

Ya sha wahala kafin Madam Ajibade, mai kamfanin, ta yarda da shawararsa. Da ta yarda, sai ya kwashe komai daga tsofaffin injinan ya mayar gajimare, amma a buɗaɗɗen tsari da kowane mai haya zai iya karɓa. Ya bi kowane lungu ya kwance ƙullin da magabatansa suka bari. Ya bayyana kowane abu a fili yadda baƙo zai gane. Hatta durowar teburinsa sai da ya liƙa wa kowacce takarda mai faɗin abin da ke ciki.

Matarsa Morenikeji, wadda kowa ke kira Iya Dotun, wato uwar ɗansu Dotun, tela ce mai ɗinkin anko, kuma ko ƙanwarta ba ta san inda take sayen zare ba. Na taɓa jin su a kan maganar.

"Baba Dotun, kai da ka yi boko, ka taɓa ganin mai gadi ya raba wa 'yan unguwa makulli?"

"Ni ba mai gadi ba ne, Iya Dotun."

"To mene ne kai? Zama kake a ɗaki kana kallon abu kada ya lalace. Ko rigar sanyin shi ma yana da ita. Ka bar ƙulli ɗaya kawai, ɗan ƙarami. Ba don kai ba, don mu."

Ya yi dariya, ya ce mata mutumin da ya yi aiki mai kyau ba ya buƙatar yin garkuwa da kowa.

Ana nan sai mahaifiyar Iya Dotun ta rasu da tsufanta, aka sa bikin binne ta a Ilesha. A matsayinsa na suruki, sai ya kai saniya, ya kawo makaɗa, ya cika rumfa da abokansa cikin anko. Muka je. Bosun na gefensa, wayarsa na ta ruri, yana tashi yana komawa, ko loma biyu bai yi a jere ba. Ta Oga Wole kuwa tana kan tebur shiru kamar an yi mata wanka da ruwan sanyi. Ya riƙa ɗaga ta yana nuna wa mutane.

"Ka gani, Bosun? Ko ƙara ɗaya. Haka aiki yake."

Bosun ya ce, "Ni dai Allah Ya raba ni da irin wannan hutun, ɗan uwa."

Iya Dotun tana rawa a tsakiyar fili da hoton uwarta a hannu. Ta waigo ta kalli wayar, ta kalli mijinta, ta ci gaba da rawa.

Abin da bai sani ba, a makon nan kamfanin gajimaren da muke haya a wurinsa ya aiko da sababbin sharuɗɗa da ba su yi wa Madam daɗi ba. Ba ta so ta dame shi yana cikin hidima. Ta kira wasu 'yan kwangila, suka bi bayanin da ya bari, suka kwashe komai zuwa wani gajimaren kafin la'asar. Ko kwalin sabulu ɗaya bai makara ba. Da za su tafi suka yabi aikin, suka ce ba su taɓa ganin mai tsabta irinsa ba, kowa ma zai iya kula da shi daga ko'ina.

Ranar da ya dawo Madam ta kira shi ofis.

"Mista Akinrinade, aikinka ya yi kyau. Har ba mu san ba ka nan ba."

Ya rusuna ya ce, "Na gode, Ma." A wurin mai amala ya maimaita mana maganar har ta gundure mu. Ban taɓa ganin sa cikin farin ciki irin na ranar ba. A ƙarshen watan aka sallame shi.

An yi masa walima da dafa-duka da kaji. Ya miƙe ya yi jawabi a kan makomar buɗaɗɗen gajimare, muka tafa. Da ya zo miƙa makullin ɗakin, aka ce masa ya bari kawai a jikin ƙofa.

Ya nemi aiki a wurare da dama. Ko'ina in ya yi bayani sai su ji daɗi, su tambaye shi ko zai zo ya yi musu irinsa na ɗan lokaci. Iya Dotun ba ta taɓa tuna masa abin da ta faɗa ba. Kujera ta ajiye masa a shagonta, kusa da taga, yana zura mata zare a allura. Ya ce mini da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Har yanzu ya yi imani shi ne da gaskiya, kuma ni ma ina ganin haka. Bosun yana nan a Apapa, an ƙara masa girma.

Ina shagon wata Asabar wayarsa ta yi ƙara. Lambar kamfanin ce. Ya miƙe tsaye, ya ɓalla maɓallin wuyan rigarsa, Iya Dotun ta tsayar da keken ɗinki. Sakatariyar Madam ce. Ta ce ɗakinsa yanzu man shafawa ake ajiyewa a ciki don kada ya narke, suna neman rimot ɗin na'urar sanyi.

Ya gyara murya zai yi bayani, sai ta ce, "A'a, bar shi, Oga Wole, na gani. A gaida uwargida."

Rimot ɗin yana cikin durowar hagu, wadda ya rubuta "rimot" a jikinta.