Yajin da Ya Je Jamus a Cikin Wasiƙa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Sani, kuma kafin ku gano da kanku gara in faɗa muku: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ni Audu mai kayan yaji na unguwar Ka'akiyya a Makka, wanda ya yi aji huɗu a makaranta ya ga ilmin ya ishe shi, har da ragowar da zai raba wa maƙwabta.

A unguwar Jarwal aka haife mu, tun tana da lungunan da jaki ma sai ya yi shawara kafin ya shiga. Mahaifinmu da ƙafa ya zo ta Sudan, saboda haka a gidanmu an san Makka wurin zuwa ce, ba wurin bari ba. Lokacin aikin Hajji, mu muna sayar da ruwan sanyi, Sani yana farautar alhazan da suka ɓata. Ya ga tsoho ɗan Pakistan ko ɗan Malesiya yana juya katin masauki a hannu, sai ya kama shi ya kai shi har ƙofa, a hanya yana tsintar Turanci daga bakinsa. Da wannan tsintuwa ya tafi karatu Sudan, daga can wata makarantar sakandare a wani ƙaramin gari na Jamus ta ɗauke shi malamin Turanci.

Ranar da ya faɗa mini, dariya na yi har na zauna a kan buhun citta. Bahaushe, haifaffen Makka, zai koya wa Turawa Turanci! Ya yi mini bayani a hankali cewa Jamusawa da yarensu daban, su ma koyo suke yi. Na ce ai na sani, gwada shi nake yi.

Yadda yake koyarwa kuwa, Jarwal ya ɗauka ya kai musu. Sai ya fitar da 'yan aji cikin gari, ya tsaya a tashar jirgin ƙasa da kati a hannu, ya zama alhajin da ya ɓata, wanda ba ya jin komai sai Turanci. Su ne za su mai da shi makaranta. Suka ce dama alhali hagu suke nufi, dama zai bi, ko da cikin kantin kifi ne.

Kowace shekara kuma sai ya sa su rubuto wa yayan malaminsu da ke Makka wasiƙa. Ambulan ya zo ƙato. Abu ɗaya Sani ya taɓa roƙona a duniya, a waya: "Yaya, ka sa a karanta maka, ka ba su amsa ko layi biyu ne." Na ce, "A karanta mini? Ni? Ai na karanta, amsa tana hanya." Shekara ta zagayo, amsa tana hanya. Takardar Jamus kuwa, in faɗi gaskiya, ba ta da na biyu wajen ƙunshe yaji: ga kauri, ba ta yoyo, ba ta jan danshi. Haka rubutun yaran nan ya watsu a kicin-kicin ɗin Ka'akiyya. Shi kuma ban taɓa fasa aika masa da yajinsa ba, ta hannun duk alhajin da na samu daga can.

A can ya rasu, a can aka binne shi. Na daɗe ina ƙorafi cewa ubanmu ya tako duniya da ƙafa don a binne zuriyarsa a nan, ga ɗansa ya ƙarar da rayuwa a kan mutanen da ko gaisuwar mutuwa ba za su iya shigowa garin su yi mana ba.

Bana, bayan azumi, wata mata ta tsaya a ƙofar shagona ta ce, "Yaya Audu?" Sunanta Zainab, tsohuwar ɗalibar Sani ce, iyayenta Turkawa ne, a Jamus aka haife ta, Umara ta zo yi. Daga masaukinta a unguwar Aziziyya ta taso, kuma ta ƙi duba taswirar waya, da tambaya ta iso, don kuwa haka malaminta ya koya mata. Hira dai dole muka sa waya a tsakiya tana mana tafinta. Nakan yi tunanin abin da Sani zai ce da ya ga wannan zamani, da alhaji yake ɓata ya tambayi aljihunsa maimakon mutum. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai dai tsaya a bakin Harami yana jiran wanda cajinsa ya ƙare.

Zainab ta ciro wata takarda daga cikin leda, ta yi ja, ta tsufa. Ban iya karanta ko harafi ba, amma na gane ninkin. Kusurwa uku, a cusa baki ciki. Duk Makka ni kaɗai nake ƙunshi haka. Wasiƙarta ce, wadda na ƙunsa wa Sani yaji a ciki da hannuna, na aika masa har Jamus ban lura ba.

Ashe ya sani. Shekara da shekaru ina ce masa amsa tana hanya, yana cewa, "To Yaya, Allah ya kawo ta lafiya."

Ta ce ranar ya shigo aji da ƙunshin a tafin hannu kamar kyautar sarki, ya ce musu amsa ta zo daga Makka: yayansa ba mai yawan rubutu ba ne, in wasiƙa ta burge shi da abinci yake mayarwa, kuma ta Zainab ce ta burge shi. Suka sayo soyayyen dankali suka barbaɗa, aji ya kaure da tari da hawaye, shi kuma ya ce kowa ya faɗi da Turanci abin da ke faruwa a bakinsa. Ita da ta shekara ba ta ɗaga hannu ba don kunyar kuskure, ita ta fara magana. Yau malamar Turanci ce, kuma tana ɓata a tashar jirgi kowane zango.

Na duba wayar, na ce ta faɗa mata gaskiya: ban taɓa karanta ko ɗaya ba. Ta yi dariya ta ce ta gane haka tun da ta girma. Na tambaye ta me ta rubuta. Tambaya ɗaya ce: yaya malaminmu yake yana yaro? Na rufe shago, na zaunar da ita, na ba ta Jarwal tun daga farko har aka kira la'asar.

Sani bai bar mana gida ba, bai bar kabari a inda zan ziyarta ba. Abin da ya bari shi ne mutanen da in sun ga baƙo yana juya kati a hannu za su tsaya, da kuma mutuncin yayansa, wanda ya rufa wa asiri a gaban yaran da ba su taɓa ganinsa ba. Allah ya jiƙansa, ya kai shi masauki kamar yadda shi ma ya kai wasu nasu.

Da na koma gida na ba matata Hajiya Rabi labari, sai na ji ƙarfina ya ɗan dawo. Na gyara zama na ce, in aka duba da idon basira, ai ni ma da hannuna a ilmin Jamus, tunda amsata ce ta buɗe bakin yarinyar.

Ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafa. Ta ce, "Amsar dai Sani ne ya ba da, yajin ni na daka. Kai ninki kawai ka yi."