Goron da Ya Hana Ni Waƙa

Jiya a Gawon Nama wani ya ɓare farin goro kusa da ni, sai na tuno marigayi maigidana, makaɗin kalangu na Ƙofar Dundaye.

Ina saurayi na liƙe mashi sai ya ɗauke ni ɗan amshi, ya aminta. Amma duk bikin da munka je, da na buɗe baki sai ya zaro goro mai sanyi daga ganye ya miƙo: "Ungo, ɗana, gyara murya." Goron manya ba a ƙin shi. Kafin in tauna in haɗiye, an wuce wurin amshi. Shekara guda ina kuri wai ni kaɗai maigida ke ba goro.

Ranar da ya mance goro gida, na saki murya. Uwar amarya ta leƙo tana tambayar akuyar wa ta maƙale.

Sai kan hanya maigida ya dube ni. "Ɗana, wagga murya taka, manoman shinkafa na biɗar mai korar tsuntsaye."

Allah Ya jiƙan shi, Ya rufa mashi asiri yadda ya daɗe yana rufa mani.