Wata mai ɗinki a unguwa

Goggo Mai Keke ta rasu.

Da safen nan ƙanwata Zulai ta kira ni, ina bakin titi a unguwar Yassa ina jiran benskin, wato ɗan acaɓa. Sai da ta faɗa sau biyu kafin na gane abin da take cewa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.



Duk yarinyar da ta tashi a layinmu na New Bell ta san shagonta. Keken ɗinki ɗaya, benci biyu, da wata tsohuwar talabijin da muke taya ta ɗagawa sama in ruwa ya fara shigowa. Ba mu haɗa jini da ita ba, amma ita ta ɗinka mini yunifom ɗina na farko, kuma ta yi ta sakin kalmasarsa ina ƙara tsawo, har ya gaji don kansa.

Ranar Asabar bayan la'asar mukan cika shagon don kallon katun. Irin waɗannan na iyalin jarumai, uba da uwa da yara kowa da baiwarsa, suna ceton gari. Da Faransanci ake yin su, Goggo kuwa Faransancinta na ciniki ne. Amma rimot a hannunta yake, kuma ba ta taɓa barin fim ya yi nisa ba tare da ta tsayar da shi ba.

Haushi muke ji kamar mu yi kuka.

Wata rana ta tsayar da shi daidai kan uwar jaruman, ta ciro tef ɗin awo daga wuyanta, ta ɗora a jikin gilashin talabijin.

"Ku matso ku gani," ta ce. "Wuyanta da ƙugunta awo ɗaya. To ina hanjinta yake zaune? Tun ba a haife ku ba nake auna mata, daga nan har unguwar Deïdo, ban taɓa cin karo da wannan ba. Kuma wai da dogon takalmin nan za ta yi faɗa? Ta zo ta tsallaka kwatar ƙofar shagona da shi tukuna."

Muka yi ta dariya, har da masu riƙe ciki.

A wani fim ɗin kuma, baiwar uwar ita ce ta rabu gida uku. Muka hau tafi. Goggo ta danna rimot.

"Ɗaya tana faɗa, ɗaya tana girki, ɗaya tana goyo. Wacce ce ke hutawa? Mijin ya kayar da dodo ɗaya, an sa masa kiɗa. Ita ta yi aikin mutum uku, an ce mata merci chérie, wai an gode masoyiya."

Ranar ban yi dariya ba. Na koma gida na tarar da mahaifiyata tana tuƙa tuwo, da autanmu a baya, tana amsa wa mai sayen ƙanƙara ta taga. Na tsaya ina kallonta kamar ban taɓa ganinta ba.

Abin da ya kai ni jami'a ke nan, kuma a kansa nake rubutun kammala digirina na biyu: yadda ake zana mata a katun ɗin jarumai. Na karanta littattafan manyan masu nazarin al'amuran mata, masu kauri da tsada. Duk wanda na buɗe, sai in ji muryar Goggo, an dai sa mata dogon Faransanci. Akwai babi guda da in an cire maganarta, sai dai a bar lambar shafi.

Ga abin da ke cin raina.

Kowane farfesa na rubuta sunansa cikakke, har da shekarar littafinsa. Ita kuwa na rubuta "wata mai ɗinki a unguwa". Na ce wa kaina ai tarbiyya ce, mu ba ma kiran babba da sunansa. Ƙarya nake yi. Kunya na ji in jera matar da ba ta gama firamare ba a tsakanin waɗancan mutanen.

Sati uku da suka wuce na kai mata rubutun. Ta rame, ƙafafunta sun kumbura, amma tana kan kekenta. Ta ce in fassara mata da Hausa. Ina karantawa tana gyaɗa kai, sai ta ɗaga hannu.

"Rahila, wannan ai maganata ce."

"Taki ce, Goggo."

"To me kika kira ni a ciki?"

Na faɗa mata. Ta gatsa zare da haƙori.

"Wata mai ɗinki. Ma fille, 'yata, mu nawa ne masu ɗinki a New Bell?" Sai ta yi murmushi. "Ba komai. Ci gaba."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Kafin in tafi ta sa na miƙe tsaye ta auna ni, wai ita za ta ɗinka rigar da zan sa ranar da zan kare rubutun a gaban malamai. Ta ce za ta yi mini aljihu biyu, don in hannuna ya fara rawa in sami inda zan ɓoye shi.

Na ce zan gyara wurin in dawo in nuna mata. Na yi ta cewa gobe. Yau cunkoso, gobe ruwan sama, jibi aiki.

Da muka dawo daga gidan rasuwa ɗazu, na buɗe kwamfuta in gyara, sai na tsaya ina kallon shafin. Ban san sunanta ba. Shekaru sama da ashirin ina zama a bencinta, ina cin ƙosanta, kuma ni ce mai rubutu a kan matan da ake ɓoyewa a bayan jarumai. Sai da na kira ƙanwarta, tana cikin hawaye, na tambaye ta.

Sunanta Asma'u Garba.

Na rubuta shi a babin, na rubuta shi a shafin farko. Ba za ta gani ba, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Ya Allah ka gafarta mata, ka haskaka kabarinta, ka hutar da ita hutun da ba ta samu a nan ba. Ka ba 'ya'yanta da ƙanwarta haƙuri. Ni ma ka yafe mini.

'Yan'uwa, duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a. Kada ku ce Allah ya jiƙan baiwar Allah kawai ku wuce. Ku kira sunanta. Asma'u Garba.